Gashin ɓeran Masar: abin da yake gaya maka kafin dabbar ta kwanta

Wata rana yaronka zai zo ya ce, "Baba, ɓerana gashinsa na zuba." Kana iya cewa sauyin yanayi ne, ko wani a gidan ya ɗauko fiya-fiya ya fesa a kejin. Bayan kwana biyu sai a wayi gari ɓeran ya mutu, yaro na kuka, kuma wataƙila shi ma wani zagaye mai ƙaiƙayi ya fito masa a hannu. Ana iya kauce wa duk wannan idan ka san yadda ake karanta gashin ɓeran Masar, domin a nan ne ciwonsa yake fara nunawa.

Ba daga Masar yake ba

Sunan da muka ba shi yana ruɗarwa. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa don nama. 'Yan kasuwar Turai ne suka kai shi ƙasashensu a ƙarni na 16, daga nan ya bazu. A Najeriya yara na kiwonsa a gida, masu bincike kuma na amfani da shi a wurare irin su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos.

Ka riƙe wannan: dabbar tsauni ce mai son sanyi-sanyi, kuma ba ta yin gumi. Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin salshiyos. Idan zafi ya kusa 30, rayuwarta na cikin haɗari.

Ire-iren gashin

Na farko shi ne mai gajeren gashi a kwance, sumul. Shi ka fi gani a kasuwanninmu, kuma shi ya fi sauƙin sha'ani.

Na biyu gashinsa a tsaitsaye yake, ya juya wuri-wuri kamar juyin gashin da ke tsakiyar kan yaro. Turawa na ce masa ɗan Habasha, duk da cewa babu abin da ya haɗa shi da Habasha. Ƙura da ƙaiƙayi sukan maƙale a cikin juyin.

Na uku shi ne mai dogon gashi, wanda ake kira ɗan Peru. Gashin yakan wuce santimita 30 idan ba a rage ba, har ya riƙa jan ƙasa. Akwai ma masu dogon gashi a nannaɗe.

Na huɗu kusan tsirara yake. An fara samunsa a 1978 a wani ɗakin bincike a Montreal, Kanada. Rana na ƙona shi, sanyi na kama shi.

Me ya sa iyaye masu gajeren gashi suke haifar mai dogo?

Idan ka san yadda sikila take, ka riga ka gane. Uba AS, uwa AS, dukansu lafiya lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Haka dogon gashi yake a ɓeran Masar: gado ne mai lafewa, ba ya fitowa sai ɗan ya ɗauko shi daga uwa da uba duka. Gashi mai juyi kuwa mai rinjaye ne, ko daga ɓangare ɗaya ya zo yana iya bayyana. Wani masani a Jami'ar Harvard, William Castle, ya nuna haka tun 1905. Saboda haka idan mai dogon gashi ya fito a kejinka, ba wani baƙon namiji ne ya shigo ba.

Wanne ya dace da Riruwai?

Riruwai tana tsakanin duwatsu, ta fi birnin Kano sanyi, kuma damina ta fi nauyi a wannan yanki na Doguwa da Tudun Wada fiye da arewacin jihar. Wannan alheri ne ga ɓeran Masar, amma kowane lokaci da nasa tarkon.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, keji a ƙarƙashin kwano tanda ne, musamman idan ka gangara wajen Kiru da Bebeji. Mai dogon gashi shi ke fara galabaita. Ka sa kejin a inuwa inda iska ke wucewa, ka ajiye ƙaramin tulu mai ruwa a ciki ya riƙa jingina da shi.

Da damina matsalar danshi ce. Gashin gindi ya jiƙe da fitsari, ƙudaje su yi ƙwai a ciki, kafin ka ankara tsutsa ta shiga fata.

Da hunturu kuwa, wanka shi ne haɗarin. Jiƙaƙƙen gashi da iskar dare na iya jawo masa ciwon huhu.

Shawararmu ita ce, idan yaro ne zai riƙe, a saya masa mai gajeren gashi.

Yadda ake kula da shi

Mai gajeren gashi, sau ɗaya a mako ka bi shi da buroshi mai laushi. Tsohon buroshin haƙori ma ya isa. Mai juyi, sau biyu ko uku, kana bin yadda gashin ya juya. Mai dogo kuwa kullum ne, da mataji mai faɗin haƙora. Idan ya cukurkuɗe kada ka finciko, ka sa yatsunka tsakanin fata da almakashi ka yanke. Gashin gindi a riƙa rage shi kada ya taɓa ƙasa.

Wanka ba dole ba ne, shi da kansa yake gyara jikinsa. Za ka ga wani farin ruwa kamar madara a gefen idonsa, yana shafawa da ƙafafun gaba yana goge fuska. Ba ciwo ba ne. Idan ya ɓaci sosai, ka wanke wurin kawai da ruwan ɗumi da rana tsaka, ka tsane shi sarai. Faratansa kuma a rage tsininsu kamar sau ɗaya a wata. Shimfiɗar kejin ta zama busasshiyar ciyawa, a canza da zarar ta jiƙe.

Abin da gashin ke gaya maka

Gashi ya yi kaushi ya dushe, dabbar na ɗingishi, dasashi na jini: wannan ƙarancin bitamin C ne. Ɓeran Masar kamar mutum yake, jikinsa ba ya haɗa wannan sinadari, sai ya ci. A jikinsa ne ma wasu likitoci biyu 'yan Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 cewa abinci ne ke jawo wannan ciwo. Dusa kaɗai ba ta isa. Ka ba shi ɗanyar ciyawa, da ɗan tattasai, kabeji ko yankin gwaba. Ban da albasa da ganyen dankalin Turawa.

Susa ba ƙaƙƙautawa, fata ta yi ɓawo a wuya da kafaɗa, har wani lokaci ya faɗi yana shure-shure: wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, masu haƙa rami a fata kamar na ƙazuwa. Akwai magani, ivermectin, amma likitan dabbobi ne zai auna gwargwadon nauyinsa.

Gashi ya zube a zagaye, galibi a hanci ko kunne, wurin ya yi fari-fari: makero ne, kuma yana kama mutane, musamman yara da ke rungumar dabbar. A ware shi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Idan zagayen ya fito wa yaro, a kai shi asibiti.

Macen da ke da tsohon ciki ko take shayarwa, gashin gefenta kan yi sauƙi ba tare da susa ba. Yakan dawo da kansa.

Abu biyu kada ka yi

Kada ka fesa masa fiya-fiya ko maganin feshin gona. Yana lasar jikinsa, kuma ɗan jikin nan ba zai ɗauka ba.

Kada ka buɗe kafso daga kemis ka zuba masa a ruwa. Penisilin da danginsa, irin su ampisilin da amoksisilin, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, sai gudawa ta kashe shi cikin 'yan kwanaki.

Ɓeran Masar dabba ce da a daji farautarta ake yi, shi ya sa take ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Don haka ka koya wa yaron ya riƙa ɗaukarsa kowace Juma'a, ya shafa gashin daga baya zuwa gaba, ya duba fata, bayan kunne da gindi. Minti biyar ne. Idan ya ga abin da bai gane ba, ya zo ya faɗa maka a ranar, kai kuma ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku.