Ranar haihuwa a ƙasar wasu: abin da mai aikin sa-kai ke tararwa a Jamus

A Maradi ko Damagaram mutum kan kai shekara 30 ba wanda ya taɓa tambayarsa ranar da aka haife shi, in ba jami'in da ke cika masa takarda ba. A Jamus kuwa, tun makon farko da matashi ya fara aikin sa-kai a gidan renon yara ko gidan tsofaffi za a tambaye shi, a rubuta a kalandar da ke bango. Daga nan ranar ta daina zama tasa shi kaɗai, abokan aiki ma suna jiran ta.

Matasan da wannan ya shafa ba kaɗan ba ne. Ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus ta ƙaddamar da shirin weltwärts a 2008 don tura matasanta aikin sa-kai a ƙetare, sannan a 2013 aka buɗe ƙofa ga matasan Afirka, Asiya da Latin Amurka su ma su je Jamus, galibi na shekara guda. Faransa na da nata tsarin, Service Civique, tun 2010, kuma a shekarar ce Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata shirin matasa masu aikin sa-kai a Abuja. Duk wanda ya yi wata 12 a waje, ranar haihuwarsa za ta same shi a can, nesa da uwa da abokan fada.

Ranar da alƙali ya ba ka

Al'adarmu tana riƙe ranar mako, ba ranar wata ba. Sunayenmu ne shaida: Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe. Akwai Azumi da aka haifa cikin watan azumi, da Marka da ta zo lokacin da ruwa ya sauka sosai. Babban biki ranar bakwai ake yin sa, a yanka rago a raɗa suna, shi ke nan. In ka tambayi uwa shekara, sai ta ce maka shekarar da aka kashe Ba'are, wato 1999, ko kuwa shekarar yunwar 2005.

Shi ya sa ƴan Nijar da dama ba su da takardar haihuwa ta asibiti. Sai lokacin shiga lakwal ko jarrabawa ake zuwa kotu a samo takardar da ke maye gurbinta, a rubuta cewa an haifi yaro "wajen" shekara kaza. In aka zo fasfo, na'ura ba ta san "wajen" ba, sai a sa 1 ga Janairu. Hukumomin Jamus ma haka suke yi wa baƙon da bai san ranarsa ba, har ta kai dubban baƙi a ƙasar suna da ranar haihuwa ɗaya.

Ga mai aikin sa-kai, 1 ga Janairu rana ce mai wuyar sha'ani. Ana hutu, kantuna a rufe, abokan aiki sun tafi wurin iyalansu ko suna barcin gajiyar daren sabuwar shekara. A Hamburg rana kan faɗi da misalin ƙarfe 4 na yamma. Sai mutum ya tsinci kansa shi kaɗai a ɗaki, cikin sanyi, a ranar da shi kansa ya san ba ita ce tasa ba. Mafita mai sauƙi ita ce ya gaya wa abokan aiki gaskiyar labarin, a ɗage taron zuwa bayan hutu. Amma ranar da ke kan fasfo kada a taɓa ta. Biza, inshorar lafiya da yarjejeniyar aiki duk a kanta suke, kuma saɓani tsakanin takardu na iya jawo wa mutum wahalar da ba ta da iyaka.

Mai biki ne ke ciyarwa

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne a Jamus mai ranar ne ke kawo gato wurin aiki. In ya gayyaci mutane gidan cin abinci ya ce shi ya gayyata, to shi zai biya. Na biyu, ba a taya mutum murna kafin ranar ta zo, suna ɗaukar hakan a matsayin jawo rashin sa'a. Shi ya sa wasu ke taruwa tun daren jajibiri, su jira ƙarfe 12 ta buga kafin kowa ya buɗe baki. A arewacin ƙasar, musamman Bremen, namijin da ya cika 30 bai yi aure ba akan sa shi sharar matakalar babban coci ko ta ofishin magajin gari, abokai na yi masa dariya. Ashe tuzuru ba a ƙasar Hausa kaɗai yake shan tsiya ba.

Matsalar ita ce aljihu. Mai aikin sa-kai ba albashi yake karɓa ba, ɗan kuɗin kashewa ne ake ba shi tare da wurin kwana da abinci. Yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka yuro 50 da zai ƙare a zama ɗaya ya haura jaka 32, kuɗin da duk ɗan Nijar zai lissafa da buhun hatsi. Wanda ya yi dabara yakan dafa da kansa: shinkafa da wake da mai da yaji, fanke, cincin, da jan soɓo mai sanyi, kayan da ake samu a shagunan ƴan Afirka. Sai dai kada a sa rai da kilishin gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga wajen ƙasashenta. Musulmi kuma ya kula: wasu nau'o'in gato ana zuba musu giya, alewa mai danƙo kuma sau da yawa da sinadarin alade ake yin ta. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuma masu masauki sun fi son a faɗa musu tun da wuri.

Tsakanin addini da maƙwabtaka

Malamai sun saɓa a kan wannan biki. Wasu na ganin kwaikwayon baƙuwar al'ada ce, wasu na ganin al'ada ce kawai wadda ba laifi in ba a haɗa ta da saɓo ba. Masu neman tsaka-tsaki kan tuna cewa Annabi (SAW) yana azumtar ranar Litinin, ranar da aka haife shi, sai su mai da tasu ranar ta azumi ko sadaka. Akwai masu aika kuɗi gida a dafa abinci a raba wa almajirai, a yi musu addu'a. Wanda ba ya son bikin yana da ƴancin cewa a'a, amma ya yi bayani. Yaran gidan reno da suka kwana biyu suna zana masa kati ba su san saɓanin malamai ba, abin da suka sani shi ne suna son sa.

A nan ne ranar ke da amfani ga baƙo. Aikin sa-kai na shekara guda yana iya ƙarewa mutum bai shiga gidan kowa ba, bai shigar da kowa nasa ba. Wannan rana ce al'adar masu gari da kanta ta ba shi dalilin kiran mutane. Wanda ya hura gawayi ko ya kunna risho ya dafa shayi ƙarni uku, ya bayyana dalilin da ya sa ake kiransa Ɗanjuma, ya koya wa abokan aikinsa abin da ba su karanta ba game da Nijar. Zumunci a ƙafa yake, ko a ƙasar da ake auna shi da kalanda.

Gida ma bai yi nisa ba. Lokacin hunturu agogon Jamus da na Yamai ɗaya ne, da bazara kuma awa guda ce tsakaninsu. Mai yiwuwa Inna ba ta san ranar da ke kan fasfo ba, amma ta san ranar Alhamis ce, ana tsakar girbin gero, kuma ta san wadda ta karɓi haihuwar. Duk wanda ke waje ya kira ta a WhatsApp ya tambaye ta, ya adana muryar. Babu ofishin da zai ba shi wannan takarda.