Filin Jirgin Gusau da Darasin Nuwamban 1996

Tun da aka aza harsashin filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau a 2024, hirar jama'a ta fi karkata ga tsawon titin jirgi da ƙayatuwar gini. Murnar kuwa tana da dalili, domin matafiyan Zamfara sun daɗe suna shan wahalar hanyar Bungudu zuwa Sakkwato, ko ta Tsafe zuwa Kano, kafin su ga jirgi. Sai dai ran fasinja ya fi rataya ga abin da ido ba ya gani, wato yadda ake raba jirage a sama, musamman 'yan mintocin da jirgi ya tashi yana hawa, wani kuma yana gangarowa ta fuskarsa.

Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas, a daidai lokacin da jirgin kamfanin Triax ya tashi daga Legas. Jami'in da ke ba su umarni ya ɗauka na ADC ya riga ya sauko ƙasa da ɗayan, alhali bai kai ba. Da na'urar gargaɗin karo ta yi ƙara, matuƙin ADC ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Claude Ake.

Kwana biyar kacal bayan haka, jirgin Saudiyya da ya tashi daga Delhi aka ba shi ƙafa 14,000 ya yi karo da na Kazakistan, wanda aka umarta ya tsaya a ƙafa 15,000 amma ya zarce ƙasa. Rayuka 349 suka salwanta. Tazarar ƙafa 1,000 ce tsakanin rai da ajali. Sai bayan wannan musiba Indiya ta raba hanyar masu tashi da ta masu sauka.

Gusau na da nata ƙalubalen. Hazon hunturu yakan rufe gani, sannan jiragen soja na shawagi a samaniyar jihar saboda matsalar tsaro, wadda ta sa aka hana sauran jirage ratsa ta a 2021. Tilas soja da farar hula su riƙa jin juna a kowane tashi.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata 'yan boko su riƙa yi wa gwamnatin jiha da hukumar NAMA su ne: ina na'urar hangen jirage, wace wuta za ta riƙe rediyo idan lantarki ya ɗauke, kuma 'yan Zamfara nawa aka tura Kwalejin Sufurin Jiragen Sama ta Zariya su koyi aikin hasumiya? Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye.