Harshen Waje da Shaidar Kammala Sakandare a Amurka

A Amurka, gwamnatin tarayya ba ta tsara sharuɗɗan kammala sakandare. Wannan hurumin jihohi ne, shi ya sa dokar koyon harshen waje ta sha bamban daga jiha zuwa jiha. Wasu sun wajabta, wasu kuma sun bar wa hukumomin ilimi na gundumomi.

Jihar New York na buƙatar darasin shekara ɗaya. Texas ta nemi shekara biyu a harshe guda, amma ta yarda ɗalibi ya maye gurbinsa da darasin rubuta manhajar kwamfuta. Wannan sassauci abin dubawa ne, domin manhaja ba ta koya wa yaro gaisawa da maƙwabcinsa mai jin Sifaniyanci. A Kalifoniya zaɓi ake bayarwa: shekara ɗaya ta harshen waje ko ta fasaha, irin su zane da kiɗa, kuma maganar hannu ta kurame na cikin lissafi.

Sai dai jami'o'i kan fi dokar tsauri. Jami'ar Kalifoniya ba ta karɓar ƙasa da shekara biyu, don haka mai niyyar shigarta ba ya tsayawa kan abin da jiha ta gindaya. Kalifoniyar ce kuma ta fara kafa dokar Hatimin Ƙwarewa a Harshe Biyu a 2011, wanda ake liƙawa a takardar ɗalibin da ya nuna ya iya Turanci da wani harshe.