Harbin Gaisuwa: Daga Malta Zuwa Fadar Sarki

A Valletta, babban birnin Malta, akwai wani tsohon dandalin soja da ke fuskantar tashar jiragen ruwa, igwa takwas jere a kansa. An daɗe ba a harba igwa a wurin kafin a soma gyara shi a 2004. Yanzu ƙarfe 12 na rana da 4 na yamma ana harba igwa ɗaya, albarushi zalla, babu harsashi. A da, da ƙarar ta tsakar rana matuƙan jiragen ruwa ke daidaita agogonsu.

Asalin al'adar harbin gaisuwa daga teku yake. Jirgin yaƙi idan zai shiga tashar wata ƙasa sai ya harbe abin da ke cikin igwoyinsa, tunda sake ɗura su aiki ne mai cin lokaci. Ya nuna ke nan da alheri ya zo. Daga nan aka samo harbi 21 da ake yi wa shugabanni, irin wanda muke ji a Abuja kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dakarun bindiga a fada. Har gobe a hawan Sallah a Kano da Zazzau za ka ga ɗan bindigar sarki ya zuba albarushi a bakin adaka, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya ɗaga sama ya saki. Hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, mata su rangaɗa guɗa: sarki ya fito. A Kagoro kuma, maƙwabciyar Kafanchan, maharba kan fito da bindigoginsu a bikin Afan ranar 1 ga Janairu.

Sai dai zamani ya sauya. Mutumin gari da ya ji ƙara ba shiri, ba sarki zai fara zuwa masa a rai ba, ina yara suke zai tambaya. Ga adaka ba ta da tabbas. In aka cika mata albarushi takan fashe a hannun mai ita.

Don haka masu shirya biki, a yi shela tun da wuri, a tsayar da lokaci da wuri guda, a nisanta yara, kuma kada a miƙa bindiga ga wanda bai gaji aikin ba.