Mai Juna Biyu da Nutso a Ƙarƙashin Teku

'Yan'uwa Musulmi, a garuruwan bakin Bahar Maliya irin su Bur Sudan da Jidda ana yin wani nutso da ake kira sukuba. Mutum ya goya tulun iska a baya, ya sa bututu a baki, ya nutsa ya ga kifaye da murjani. Ga mai lafiya da ya samu horo, abu ne halal. Amma mai ciki, likitoci sun haɗu a kan ta bar shi har ta haihu.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. A zurfin mita 10 kacal, matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin ruwa sau biyu, sai wannan iska ta riƙa narkewa cikin jini. In mai nutso ya taso sama, sai ta fito da ƙananan kumfa, kamar dai ka buɗe kwalbar lemo.

Ita uwa huhunta yana tace yawancin kumfar. Ɗan tayi fa? Huhunsa bai fara aiki ba, ta mabiyiya yake samun iska, kuma yawancin jininsa yana kewaye huhun ne. Ke nan kumfar na iya wucewa kai tsaye ta toshe jijiya a ƙwaƙwalwa ko laka, ita uwar ba ta ji komai ba. Gwajin da aka yi kan tumaki masu ciki ya nuna wannan haɗari. Ga kuma laulayi: amai ya taso wa mace a ƙarƙashin ruwa, ai ita ma ranta na cikin hatsari.

Shari'a ta sassauta wa mai ciki ta sha azumin Ramadan in ta ji tsoro ga abin da ke cikinta. To, in farilla ta samu rangwame saboda shi, ina ga shaƙatawa? Cikin nan amana ce, kuma maigida ma yana da hakkin tsare ta.

Wadda ta yi nutson kafin ta san tana da ciki, kada hankalinta ya tashi. Ta daina, ta gaya wa likita ko ungozoma a wurin awo. Iyo a saman ruwa cikin sutura kuwa, galibi ba matsala in likita bai hana ba.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya ba mu zuri'a ɗayyiba. Wallahu a'alam.