Inda Ruwan Esi Ke Zuba a Wani Asibitin Unguwa

A wani ƙaramin asibiti da ke cikin birnin Kano, bangon baya ne ke fara sanar da cewa damina ta kankama. Kowane ɗaki da esinsa, irin mai gida biyu: ɗaya a liƙe a bango daga ciki, ɗaya a waje yana huci. Da watan Yuli ya kama sai tiyo-tiyon da suka leƙo ta bango su shiga ɗiga ba dare ba rana, in dai akwai wuta.

Ba wani ke zuba wa na'urar ruwa ba. Danshin iskar ɗaki ne ke taɓa ƙarfe mai sanyi a cikinta, ya zama raɓa, ya taru a ɗan kwarmin da ke ƙasa, sannan ya bi tiyo ya fita. A Agusta, esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kan iya tara lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Da hunturu kuwa, iska ta bushe, da ƙyar ka ga ɗigo.

Babu famfo a yawancin waɗannan na'urori. Gangara kaɗai ke fitar da ruwan. Nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗakin haihuwa gwani ne ya haɗa nasa. Ya daidaita na'urar ba ta karkace ba, ya huda bangon da ɗan sunkuye zuwa waje, ya sa tiyon a ƙarƙashin bututun tagulla kafin ya naɗe su tare, ya kuma rufe ɓangaren da ke cikin ɗaki da soso don kada ya yi gumi. Daga waje ya haɗa shi da farin bututun roba, ya ɗaure a bango har bakin kwata. Ba wanda ke tuna da wannan esin, ungozomomi sanyinsa kawai suka sani.

Na ɗakin ajiye magani kuwa kowa ya san shi. An huda ramin a miƙe, tiyon ya yi ɗan tudu kafin ya fita, ruwa kuma ba ya hawa tudu. Sai ya cika kwarmin ya dawo ta gaba, ya bi fenti ya sauko. An janye kwalayen magani daga jikin bangon, an girke bokiti, mai shara ta ƙara wa aikinta na safe matse tsumma. Sau da yawa an kira mai gyara a ce masa gas ya ƙare, alhali gas ba ruwansa da wannan magana.

Ko tiyon da aka shimfiɗa daidai yana toshewa. Ƙurar hunturu da ta wuce ragar tace iska takan kwanta a kwarmin, ruwan farkon damina ya dama ta, gansakuka ta hau kai. Mai gyaran kan wanke raga, ya hura tiyon, ya zuba ruwa a kwarmin da gora, ya aiki yaronsa waje ya gani ko ya fito. Yakan kuma yi faɗa in ya tarar bakin tiyo a nutse cikin bokiti, domin hakan ma na hana ruwan sauka.

Wanda ya fi cin moriyar lamarin shi ne Baba mai gadi. Ya jera jarkoki a ƙarƙashin tiyo biyu, yana ba zogale da 'yan furanninsa, yana wanke babur. Ba ya sha, kuma ma'aikatan jinya sun ja masa kunne a kan haka, don ruwan ya ratso ƙura da datti duk da haskensa. Abin da ya rage shi ne tiyon bayan ɗakin gwaji, wanda ke zuba a gindin gini. Siminti ya yi kore, ruwa na kwanciya kwana da kwanaki, sauro na ƙyanƙyasa taku kaɗan daga tagar da ake gwajin zazzaɓin cizon sauro. Bututun da zai kai shi kwata bai wuce mita 3 ba, ya kamata hukumar asibitin ta saya kafin wata daminar.