Injin Jan Ruwa Ya Ƙi Tashi: Ina Matsalar Take?

A unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, irin su Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi, gidaje da makarantu da masallatai da dama sun dogara ne ga rijiyar burtsatse, domin ruwan da ake turowa daga matatun Challawa da Tamburawa ba ya wadatar da birnin Kano. Ranar da injin da ke tura ruwa zuwa tanki ya tsaya, sai gida ya koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Abin da akan fara cewa shi ne kwayil ya ƙone, a shiga neman kuɗin sabon inji. Alhali sau da yawa lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi yadda ya kamata ba. Wanda ya san hanyar da wuta ke bi zai iya gano inda ta katse kafin a yi asara.

Hanyar da wuta ke bi

Injin da ake zurawa cikin burtsatse, wanda masu sana'a ke kira sumo, da injin da ke zaune a bakin tanki, da wanda ke juya ruwan wurin ninkaya a manyan otal-otal, duk tsarinsu ɗaya ne. Wuta tana fitowa daga mita ko janareta, ta ratsa fis ko bireka, ta bi ta agogon kunnawa idan akwai shi, ta wuce makunnin da ke yawo a saman ruwan tanki, ta shiga akwatin sarrafawa, sannan ta isa inji. Waɗannan abubuwa a jere suke kamar ƙofofi a kan hanya guda. Idan ɗaya ta rufe, wuta ba ta wucewa. Saboda haka ƙwararren mai gyara yakan fara bincike daga tushe, yana auna wuta a kowace ƙofa, har ya iske wadda wuta ta shiga amma ba ta fita ba.

Idan inji ya yi shiru

Injin da aka kunna bai ko motsa ba, galibi wuta ce ba ta kai gare shi ba. Wataƙila fis ya tsinke, ko makunnin tanki ya maƙale a sama kamar tanki a cike yake, ko kuma tururuwa da ƙurar hunturu sun shiga tsakanin ƙarafan da ke haɗuwa su ba wuta hanya. Ƙadangare ma yakan shiga akwatin da ba a rufe da kyau ba, ya haɗa wayoyi biyu.

Agogon kunnawa yana da tasa matsalar. Tsohon samfurinsa faifai ne da ƙaramin inji ke juyawa sau ɗaya cikin awa 24. Da zarar an ɗauke wuta faifan yakan tsaya. Idan an saita shi ya kunna ruwa da ƙarfe 5 na asuba, aka ɗauke wuta na awa 6, to sai ƙarfe 11 na safe zai kunna. Mai gida sai ya zaci agogon ya lalace, alhali lokaci ne kawai ya ɓace masa. Maganin wannan shi ne a sake saita shi, ko a sa samfurin da ke da batir a ciki.

Idan inji yana gurnani amma ba ya juyawa

Wannan ita ce alamar da ta fi haɗari, kuma fahimtarta na buƙatar ɗan tarihi. A shekarar 1888 Nikola Tesla ya yi rajistar wani inji a Amurka wanda ƙarfin maganaɗisu mai kewayawa ke juya shi. Irin wannan maganaɗisu yana samuwa kai tsaye idan wuta mai layi uku ce. Amma yawancin gidaje layi ɗaya gare su, kuma maganaɗisun layi ɗaya kai da komowa kawai yake yi, ba ya nuna wa inji ɓangaren da zai juya. Don haka ake ƙara kwayil na biyu tare da wata na'ura mai kama da ƙaramin gwangwani, wato kafasita. Ita ce ke sa wutar kwayil na biyu ta saɓa lokaci da ta farko, sai a sami turin da zai tayar da inji.

Idan kafasita ta mutu, inji yakan tsaya cik yana gurnani. A wannan hali yana jan wuta kamar ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in yana gudu, kuma duk tana zama zafi. Cikin ɗan lokaci rufin wayar kwayil zai ƙone. Don haka da an ji gurnani sai a kashe nan take. Kafasitar da ta kumbura ko take yoyon mai ta gama aiki, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na naɗin sabon kwayil ba. Sai dai dole a maye gurbinta da mai lamba daidai da tata. Yashin da ya cushe fanka mai tura ruwa shi ma yana kawo irin wannan gurnani.

Idan inji yana aiki yana tsayawa

A ƙa'ida wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma idan nauyi ya yi wa taransifoma yawa, ko aka ja siririyar waya mai tsawo, ƙarfin yakan faɗi. Ga lissafi mai sauƙi. Injin da ke buƙatar wat 1,150 zai ja ampiya 5 a bolt 230. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 165, sai ya ja kusan ampiya 7 kafin ya yi aikin nan. Zafin da ke taruwa a waya kuwa yana bin adadin ampiya ne in an ninka shi da kansa: 5 sau 5 ya ba da 25, 7 sau 7 ya ba da 49. Ke nan zafi ya kusa ninkawa. Injiniyoyi suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwar rufin kwayil.

Wannan ne ya sa ake sa wa inji makunnin kariya da ke yanke wuta idan zafi ko ampiya sun wuce kima. Wasu masu gyara sukan tsallake shi da guntuwar waya don inji ya daina tsayawa. Yin haka tamkar kashe mai gadi ne don ya cika ihu.

Rani ma yana da hannu. Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ruwansa ke cikin tsaguwa da ruɓaɓɓen saman dutse. Daga Maris zuwa Mayu ruwan yakan ja baya. Sumo kuwa ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi. Idan ruwa ya fara fitowa da tsartuwa da iska, sai a kashe, a bar rijiya ta tara.

Idan bireka na faɗuwa ko famfo na jan mutum

Wannan yana nuna wuta na zurarewa, sau da yawa daga mahaɗin waya da ruwa ya shiga. Jiƙaƙƙen jiki ba ya tare wuta kamar busasshe, kuma ampiya da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba tana iya rikita bugun zuciya. Dole kowane inji ya kasance da wayar ƙasa mai kyau, da bireka ta musamman wadda ke yanke wuta idan abin da ke zurarewa ya kai miliampiya 30. A wurin ninkaya, inda mutane ke cikin ruwan tsundum, wannan kariya ba abin sakaci ba ce.

Abin da ɗalibi zai iya yi

Aikin ɗalibi shi ne lura: ya saurari ƙarar inji, ya duba lokacin agogo, ya ga ko ƙwan fitila ya dushe, ya kashe makunni, sannan ya yi wa mai gyara cikakken bayani. Buɗe akwati aikin ƙwararre ne, domin kafasita tana iya riƙe wuta ko bayan an kashe.

Malamai za su iya nuna wannan darasi a aji da batir, da ƙaramin ƙwan tocila, da makunni uku a jere. A buɗe ɗaya a ɓoye, a ce ɗalibai su nemo shi mataki-mataki daga batir. Wanda ya iya wannan ya kama hanyar da mai gyara ke bi a bakin burtsatse.